Bod ɗin rile mai layi huɗu na bolt 5: yana aiki, amma ka fara sanin me zai yi in an kawo wuta

Wannan shuɗin bod ɗin rile (makunnin da ƙaramar wuta ke juyawa don ya kunna ko ya kashe babban kaya) mai layi huɗu da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, wanda aka rubuta Songle SRD-05VDC-SL-C a kan kowane rile ɗinsa, ina ga babu wanda ya taɓa haɗa wani abu da Arduino, ƙaramar kwamfutar nan da ake rubuta wa kod ta sarrafa kaya, da bai riƙe shi a hannu ba. Ni dai na daɗe ina aiki da shi, na sa shi a famfon tanki, na sa shi a injin ƙyanƙyasar ƙwai da fitilun waje, kuma tun daga farko bari in faɗa muku ra'ayina, ku saya, ya ci kuɗinsa har da ƙari. Sai dai akwai abu ɗaya da babu mai gaya maka a wajen saye, ba za ka same shi a takarda ba don takardar ma babu ita, a leda kawai ake miƙo maka shi, wato halin da rile ɗin zai shiga a daidai lokacin da wuta ta shigo kafin kod ɗinka ya gama tashi. A ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba mutum zai iya shekara bai lura da wannan ba. Mu kuwa nan da za a ɗauke a kawo, a sake ɗaukewa a sake kawowa, ga canji daga janareta zuwa inbata da daddare, na'urarka kullum cikin farkawa take, don haka abin da take yi a sakan ɗin farko ya zama rabin aikin gaba ɗaya.

Shi bod ɗin in ka riƙe shi ba wani abu ne mai rikitarwa ba. Rile huɗu a jere, kowanne da wajen ɗaure waya guda uku, COM a tsakiya, NO da NC a gefe, NO ba ya haɗuwa da COM sai rile ya kama, NC kuwa a haɗe yake da COM sai rile ya kama su rabu. Ta ɗaya ɓangaren akwai ƙafafu shida, GND, IN1 zuwa IN4, sai VCC, sannan can gefe akwai wasu ƙafafun da aka haɗe da ɗan jampa mai launin rawaya, an rubuta JD-VCC da VCC. Kowane layi yana da ofto ɗinsa mai lamba 817, wato 'yar na'urar da ke wuce da umarni ta hanyar haske ba tare da wutar ɓangarorin biyu ta haɗu ba, da taranzista, da dayod mai kare kwayil, da 'yar jar fitila da ke nuna maka ya kama. A jikin rile ɗin an rubuta 10A 250VAC da 10A 30VDC, kwayil ɗin kuma yana jan kusan miliyam 70 in ya kama. Ƙarar kamawarsa tana da kyau, ƙas ɗin nan mai tsafta da kake ji daga nesa, kuma a gaskiya cikin waɗanda suka bi ta hannuna kaɗan ne suka zo a mace.

Toh ga inda maganar take. Yawancin irin wannan shuɗin bod ɗin a juye yake aiki, in ka ba IN ɗin LOW, wato sifilin bolt, sai rile ya kama, in ka ba shi HIGH, wato bolt 5, sai ya saki. Dalili shi ne yadda aka haɗa shi a ciki, wuta tana tasowa daga VCC ta bi ta rizista ta shiga fitilar da ke cikin ofto ta fito ta IN, kenan sai ƙafar Arduino ta ja ta zuwa ƙasa sannan hanya ta cika. Wannan tsarin shi kaɗai ba laifi ba ne, yana ma da amfani, don in waya ta tsinke ko ƙafar tana lilo babu abin da aka haɗa mata, rile ba zai kama ba. Matsalar tana zuwa ne in ya haɗu da ɗabi'ar shi kansa Arduino ɗin.

Akwai wani ƙanena a sana'a da ya kawo min akwatin da ya haɗa wa wata Hajiya mai gidan kaji, Arduino Nano ne da wannan bod ɗin da sikirin LCD, layi ɗaya na famfo ta hanyar kontakta (babban rile mai ɗaukar kaya masu nauyi), ɗaya na hita, ɗaya na motar da ke juya tiren ƙwai. Ya ce min "Yaya, wallahi kod ɗin nan daidai yake, komai yana tafiya, amma duk sanda aka kawo wuta sai komai ya tashi lokaci ɗaya, Hajiya ta ce kontakta har firgita yaranta take yi." Muka ɗora a tebur muka jona, ai kuwa jajayen fitilun nan huɗu suka kama a tare, sikirin yana ta nuna sunan shagonsa da barka da zuwa, sai da rubutun ya gama wucewa sannan suka saki. Na ce masa ƙanena buɗe min kod ɗin daga sama. A layin farko ya sa pinMode ya mai da ƙafafun OUTPUT, wato masu fitar da wuta, sai ya tayar da sikirin, sai ya tayar da sensa, sai ya sa jinkirin sakan biyu don a karanta sunan shago, sai can ƙasa ya tuna ya ba ƙafafun HIGH. Duk tsawon wannan lokacin famfo yana aiki ko da tanki a cike yake, hita a kunne, tiren ƙwai yana fizga.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, cif ɗin ATmega328P da ke kan Arduino Uno da Nano in ya tashi duk ƙafafunsa a matsayin masu karɓa suke, ba sa ba da komai, a wannan lokacin rile yana kwance lafiya lau. Amma ma'ajiyar da ke riƙe da ƙimar kowace ƙafa da sifili take farawa, don haka da zarar ka ce ƙafa ta zama OUTPUT sai ta faɗa LOW nan take, LOW kuma a wajen wannan bod ɗin umarnin kamawa ne. Kamar mai gadin da ya farka a firgice ne ya buɗe get kafin ya tambayi waye. Shi rile yana buƙatar kusan milisakan 10 kafin ya kama, shi ya sa wanda ya rubuta HIGH a layin da ke bin pinMode kai tsaye ba ya jin komai, tazarar ta yi gajarta da yawa. Wanda ya bar tazara shi ke shan wahala.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba, juya layukan kawai za ka yi, ka fara digitalWrite da HIGH sannan ka bi shi da pinMode da OUTPUT, kuma su zama abu na farko a cikin setup, ɓangaren kod ɗin da ke fara gudu, kafin sikirin kafin komai. A kan wannan cif ɗin in ka rubuta HIGH ƙafa tana matsayin mai karɓa, rizistar ciki ce mai ja sama take kunnuwa, in ka juya ta OUTPUT kuma sai ta wuce HIGH kai tsaye ba ta taɓa ƙasa ba. Muka gyara muka loda, muka zare muka jona, shiru kake ji, sunan shago ya fito ya wuce babu fitilar da ta ƙyafta.

Amma kar kowa ya ɗauka shikenan an gama, don akwai lokacin da kod ɗinka bai ma fara ba kuma wasu ƙafafun suna motsi. A Uno ƙafa ta 13 butloda, ɗan shirin da ke fara tashi kafin kod ɗinka, yana kunna ta yana kashewa in bod ya yi risat, ita ce mai 'yar fitilar nan ta kan bod, in ka ɗora rile a kanta za ka ji yana ƙas ƙas ƙas duk sanda ka loda kod. Ƙafa ta 0 da ta 1 kuma na siriyal ne, wato layin da bod ke magana da kwamfuta, su ma a bar su. Kuma a sani buɗe Serial Monitor kawai yana sa Uno ya yi risat, kenan in injin yana jone da kaya ka zo ka soka kwamfuta don ka duba wani abu, ka sake tayar da shi daga farko ko ba ka yi niyya ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne wajen masu amfani da cif mai Wi-Fi ɗin nan ESP8266, wato NodeMCU da 'yan uwansa, waɗanda yanzu kowa ke so saboda a kunna famfo daga waya. Shi wannan cif ɗin yana duba wasu ƙafafu a lokacin tashi don ya san ta ina zai fara, GPIO0 da GPIO2 dole su kasance a sama, GPIO15 dole ta kasance a ƙasa. A jikin NodeMCU su ne D3 da D4 da D8. Ka ga bod ɗinmu yana jan IN ɗinsa sama ta cikin ofto, in ka haɗa shi da D8 zai iya hana cif ɗin tashi gaba ɗaya, mutum ya zauna yana zargin kebul yana zargin caja alhali ƙafa ce ya zaɓa ba daidai ba. D4 kuma da TX suna fitar da saƙon tashi, ga wanda ya taɓa ganin wannan rubutun shirmen da ke fitowa a farko, a gudun siriyal na 74880 yake fita shi ya sa ba ya karantuwa, toh in rile yana kan wannan layin zai iya ƙyaftawa. Mafi natsuwa su ne D1 da D2, wato GPIO5 da GPIO4, in kana buƙatar huɗu ka ƙara daga D5, D6 da D7. ESP32 ma yana da nasa, 0, 2, 5, 12 da 15 duk ana duba su a tashi, ta 12 ce ma ta fi haɗari don in ta tashi a sama cif ɗin zai ɗauka ma'ajiyar kod ɗinsa ta bolt 1.8 ce sai ya yi ta zagaye ya kasa tashi. Daga 6 zuwa 11 na ma'ajiyar ne, 34 zuwa 39 kuma karɓa kawai suke ba sa fitarwa. Ni 25, 26, 27, 32 da 33 nake ɗauka in na samu hali. Sannan dabarar nan ta rubuta HIGH kafin pinMode ba ta tafiya a sabon tsarin Arduino na ESP32 daga siga ta 3, ƙorafi zai yi maka cewa ba a saita ƙafar ba tukuna, don haka a can sai dai ka manna layukan biyu a jere ba tazara, ka kuma sa rizista 10k daga kowane IN zuwa bolt 3.3.

Wannan rizistar ina sa ta ko a Arduino ne, kuɗinta ba komai ba, kuma ita ba ta jiran kod, tun wuta ta shigo ta riga ta riƙe layin inda ake so. Ra'ayina kenan a duk wannan harkar, abin da kake so ya faru a sakan ɗin farko ka ɗaure shi da waya da rizista, kod ya zo daga baya ya tarar da shi a haka.

Sai maganar jampa ɗin nan mai rawaya, wanda da yawa ba su taɓa cire shi ba don ba su san aikinsa ba, kuma a ganina shi ne abu mafi kyau a jikin bod ɗin. In yana nan, kwayil ɗin rile da ofto duk daga wuta ɗaya suke sha, yawanci daga ƙafar 5V ta Arduino. Rile huɗu in suka kama tare kusan miliyam 280 ne, ga sikirin ga sensa, in kuma 'yar cajar waya ce mara ƙarfi ke ciyar da su sai wutar ta faɗi, cif ya yi risat, ya tashi ya sake kama rile, wuta ta sake faɗi, haka zai yi ta yi rile na ta karkarwa kamar zai fashe, kontakta na bugawa, famfo na tashi yana mutuwa. Na ga irin wannan a aikin da aka kira ni in duba, bakin kontakta ɗin ya yi baƙi ƙirin saboda tartsatsi. In ka cire jampa, ka ba JD-VCC da GND nasu bolt 5 daban, ka haɗa VCC da ƙafafun IN kawai zuwa Arduino, ofto ya yi aikin da aka sa shi dominsa, ɓangaren biyu sun rabu da gaske. Ga masu ESP kuma a nan ne za ka ba VCC bolt 3.3 ka bar JD-VCC a kan 5, don in ka bar VCC a 5 kuma HIGH ɗinka 3.3 ne, akwai saura bolt 1.7 a tsakani, a wasu bod ɗin ba ya isa ya yi komai, a wasu kuma za ka ga jar fitilar tana ɗan haske dishi-dishi rile ya ƙi saki da kyau. A 3.3 ɗin ma ka gwada kowane layi ka tabbatar yana kamawa da ƙarfi, tunda ba duka bod ɗin ne rizistarsu ɗaya ba.

Abu na gaba da nake so mutane su riƙa tunani a kai kafin su ɗaure waya shi ne NO da NC. Ka tambayi kanka, in Arduino ya mutu murus, ko cajarsa ta ƙone amma wutar gida tana nan, me nake so ya faru? Famfo da hita a NO za su zauna, in ƙwaƙwalwar ta mutu su ma su mutu, gara tanki ya ƙare da a wayi gari ruwa ya cika tsakar gida ko sumo ya yi ta juyi babu ruwa har ya ƙone, gara ƙwai ya ɗan huce da ya dahu. Fankar cikin injin ƙyanƙyasa kuwa ni ba na ma bi da ita ta rile, kai tsaye nake jona ta. Fitilar tsaro ta waje za ka iya sa ta a NC don in komai ya lalace ta zauna a kunne. Na sha ganin wanda ya rasa gane dalilin da rile ke aiki a juye sai kawai ya mayar da wayar famfo NC don lissafin ya daidaita, aiki ya yi kamar ya yi kyau, alhali ya mai da shi duk sanda akwatin ya mutu famfo zai tashi babu mai tsayar da shi. Wallahi wannan yana tayar min da hankali, don kayan mutane ne da suka tara kuɗi suka saya, wani ma bashi ya ci ya haƙa burtsatsen.

Ko bayan komai ya tashi lafiya, ba na bari a kunna kaya nan take. Wutar da aka kawo yanzu ba a cika yarda da ita ba, takan zo ta koma, takan zo da rauni, don haka ina sa kod ya jira ɗan lokaci, ya karanta fulot ɗin tanki ko sensar zafi tukuna, sannan ya kunna rile ɗaya bayan ɗaya ba duka a tare ba. In firij ne ko wani abu mai kwamfiresa a ba shi kamar minti uku, irin jinkirin da na'urar kare firij ke yi. Masu son injin ya tuna halin da yake kafin a ɗauke wuta za su iya ajiyewa a EEPROM, ma'ajiyar cikin cif da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, amma a tuna tana da iyaka, kusan sau 100,000 ake iya rubutu a kowane gurbi, sai a rubuta kawai in abu ya canza. Famfo dai ni ba na yarda ya ci gaba don kawai ɗazu a kunne yake, ya duba tanki tukuna.

Game da 10A ɗin da aka rubuta, wannan lissafin kayan da ba su da mota ne kamar kwan fitila da hita. Famfo mai doki ɗaya a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ja in yana gudu sau da yawa, in ka ɗora shi kai tsaye wata rana bakin rile zai manne ya ƙi saki, kuma daga nan babu kod ɗin da zai kashe shi. A sa kontakta, rile ya kunna kwayil ɗinta kawai, a kuma sa mata sinoba, wato rizista da kafasita a jere a kan kwayil ɗin, don tartsatsin sakinta yana iya sa Arduino risat ko sikirin ya cika da shirme, risat kuma komawa ne wancan sakan ɗin farko da muke ta magana a kai. Ƙorafina a kan shi kansa bod ɗin shi ne wajen ɗaure wayar ƙanana ne, waya mai kauri ba ta shiga da daɗi kuma sukurorin suna saurin lalacewa in ka matsa da ƙarfi, sannan ƙasansa a buɗe yake, dalmar da ke ɗauke da bolt 230 tana nan tsirara. Kar a ajiye shi a kan ƙarfe, a ɗaure shi a akwatin roba da 'yan ƙafafu. Wasu bod ɗin an yanka musu tsaga a kewayen COM don raba babbar wuta da ƙarama, in ka samu zaɓi ka ɗauki mai tsagar.

Ga masu son layi da yawa, takwas ko sha shida, da za su ƙara cif a tsakani, PCF8574 yana tashi da ƙafafunsa duka a sama, kenan ya dace da wannan bod ɗin sosai, ba abin da zai kama sai ka ce. 74HC595 kuwa da abin da ya ga dama yake tashi, yau wannan layin gobe wancan, sai ka ja ƙafarsa ta OE, mai buɗewa da rufe fitarwarsa, sama da rizista ka riƙe ta a haka har ka gama tura masa ƙimar da kake so sannan ka sake ta ƙasa.

A wajen saye kuma kar ka dogara da launi ko da abin da mai shago ya ce, da yawansu tsakani da Allah ba su san wanne ne wanne ba, kaya ne aka kawo musu a kwali. Ka ce masa oga ara min caja, ka ba VCC da GND bolt 5, ka ɗauki 'yar waya ka taɓa IN1 da GND, in ya ce ƙas toh mai kamawa da LOW ne, in sai ka taɓa shi da VCC ya kama toh mai HIGH ne. Akwai wani irin, yawanci ja, mai jampa a kowane layi an rubuta H da L, kai za ka zaɓa, ya ɗan fi tsada amma in ka sa shi a H ka ƙara rizista 10k zuwa ƙasa, sifilin da Arduino ke tashi da shi ya zama kashewa, ga wanda yake koyo ni shi nake cewa ya fara da shi. Shuɗin kuma ina ci gaba da sayensa don ya fi samuwa kuma jampa ɗin JD-VCC yana min amfani, sai dai kafin in kai wa mai kaya kowane akwati sai na jona masa kwan fitila a kowane layi, in yi ta zare filogi ina mayarwa, wani da sauri wani in jira, in gwada da caja mai rauni, in danna risat, in kwan ya ƙyafta ko sau ɗaya ne akwatin ba zai bar shago ba ranar.